Katin Inshorar Lafiya: Mu Yarda, Amma Da Ido Buɗe

(Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya yi a gaban taron 'yan Arewa mazauna Ikko, bisa gayyatar shugabannin unguwa. Mun buga shi ne domin amfanin masu karatunmu na Badun da Shagamu da Binin da Anacha da Fatakwal, da sauran garuruwan Kudu.)



Tun da farko ya kamata in faɗa muku cewa ni ba likita ba ne, ba kuma wani kamfani ne ya aiko ni talla ba. Aikina gyaran labarai a jarida. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne wata tambaya da ta yawaita a bakin mutanenmu, a masallaci da kasuwa da tashar mota, tun da aka fara matsa wa jama'a su yanki katin inshorar lafiya. Tambayar ita ce: yaya za a yi in ba wasu mutane kuɗina tun ina da lafiyata, sa'an nan ranar da ciwo ya zo su ce mini ba ni da ikon zuwa asibitin da na ga dama, sai wanda ke cikin jerinsu? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya.

Bari in fara da abin da ya same ni. Ranar da aka ba mu takardar cikewa a wurin aiki, aka ce kowa ya zaɓi asibiti ɗaya, sai na rubuta sunan wanda ke kusa da ofis, don kullum ina wucewa ta ƙofarsa. Ban yi tunanin cewa yara a gida suke kwana ba. Bayan 'yan watanni zazzaɓi ya rufe 'yata cikin dare, na ɗauke ta sai wani asibiti da ke bayan layinmu, na miƙa kati. Malamin da ke bakin aiki ya duba littafinsa ya ce sunanmu ba ya wurinsu. Dole na biya daga aljihu, ina ta faɗa, alhali rabin laifin nawa ne. Da gari ya waye muka je asibitinmu na ainihi, likita ya duba ta da kyau, ya rubuta magani iri uku, amma a ɗakin magani aka ba mu biyu, aka ce na ukun ya ƙare, mu nema a kemis. To, wannan kuma ba laifina ba ne. A kwana ɗaya na ga fuska biyu ta wannan al'amari, kuma a kansu zan yi magana.

ABIN DA MUKE CIKI

Kafin mu zargi sabon tsari, mu dubi wanda muka saba da shi. Idan ɗan'uwa ya kwanta a nan Agege, ko Idi-Araba, ko Mil Sha Biyu, da farko sai a sayo masa ƙwaya a kemis, ko a jiƙa masa sassaƙe. In abin ya ƙi, a kai shi asibiti, a ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Daga nan sai a shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci bayan sallah, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. In kuɗin bai kai ba, sai a yanke shawarar da muka fi sani, watau a sa shi a mota a mai da shi gida. Daga Ikko zuwa Kano tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Dattawan da ke zaune a nan sun san mutum nawa aka ɗauka da rai daga wannan gari, aka sauke gawarsu a gida.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na dukan kuɗin da ake kashewa kan magani a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa, a ranar da ciwo ya same su. Ma'anar wannan ita ce, tiyata ɗaya tana iya cinye jarin da mai tireda ya yi shekara goma yana tarawa, haihuwa ɗaya mai gardama tana iya sa ɗan acaɓa ya sayar da babur ɗin da yake ci da iyalinsa. Wannan shi ne ciwon da inshorar lafiya ta zo yi wa magani.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a 1962, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ministan Lafiya Dokta Moses Majekodunmi ya kai shawarar irin wannan tsari gaban majalisa a nan Ikko, amma ba ta sami shiga ba. Sai a 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa doka mai lamba 35, sa'an nan a watan Yuni na 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin, aka fara da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. A watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, watau NHIA, ta kuma mai da shiga inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa. Duk da haka, a 2025 waɗanda ke da kati wajen mutum miliyan 20 ne, cikin al'umma da ta haura miliyan 200. Watau bai wuce mutum ɗaya cikin goma ba. Jihar Ikko kuwa ta yi tata dokar a 2015, ta buɗe shirinta a ƙarshen 2018, shi ne wanda kuke jin ana kira Ilera Eko, ma'ana lafiyar Ikko da Yarbanci, kuma na duk mazaunin jihar ne, ba a tambayar asalin mutum.

ME YA SA ASIBITI ƊAYA?

Mu Hausawa ba baƙin adashi ba ne. Inshorar lafiya 'yar'uwar adashi ce, sai dai a nan ba a bin layi wajen kwasa, wanda ciwo ya kama shi ne ke kwasa, wanda Allah Ya ba lafiya kuwa zubinsa ya zama taimako ga ɗan'uwansa. Ƙafa uku ke riƙe da tukunyar. Akwai mai zubi, watau ni da kai. Akwai mai riƙon kuɗi, ko dai hukumar gwamnati, ko kuwa kamfanonin da ake kira HMO waɗanda ke tsayawa tsakani. Sa'an nan akwai asibiti mai ba da magani.

Ga yadda ake biyan asibitin, kuma a nan ne asirin jerin nan yake. Idan ka zaɓi asibiti aka rubuta sunanka a littafinsa, ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kanka kowane wata, ko ka je ko ba ka je ba. A tsarin Tarayya, tun daga watan Afrilu na 2025 aka sa kuɗin a kan Naira 1,450 ga kowane mutum. Ku yi lissafi da ni. Asibitin da aka rubuta masa mutum 1,000 zai karɓi Naira 1,450,000 a wata. Ba dukansu za su yi ciwo a wata ɗaya ba, saboda haka kuɗin masu lafiya zai isa a sayi maganin marasa lafiya, a biya ma'aikata. Amma asibitin da ke da mutum 50 kaɗai, abin da zai samu Naira 72,500 ne, mutum biyu ko uku suka kwanta sun cinye shi. Da za a ce kowa ya je inda ya ga dama, yau nan gobe can, babu asibitin da zai san yawan mutanensa balle ya yi musu tanadi, kuma sai an biya kowane zuwa da farashin kasuwa. In aka yi haka kuɗin zubi zai ninka har ya fi ƙarfin talaka. Ashe ke nan taƙaita asibitoci shi ne farashin arahar katin.

Bayan araha akwai wata fa'idar. Asibitin da kake zuwa kullum yana da fayil ɗinka. Likita ya san kana da hawan jini ko ciwon sukari, ya san maganin da jikinka ba ya karɓa, ya san haihuwar da matarka ta yi a baya da yadda ta kasance. Wanda ke yawo daga wannan asibiti zuwa wancan kullum baƙo ne, kullum sai an sake awo daga farko. Daɗin daɗawa, ba a sa asibiti cikin jeri sai hukuma ta duba shi ta tabbatar yana da ma'aikata masu takardar shaida da kayan aiki. A garin da kowane lungu za ka ga allo an rubuta asibiti, alhali wani mai wurin bai taɓa shiga makarantar likita ba, wannan tacewa kariya ce ga baƙo irinmu da bai san gari sosai ba.

Haka kuma asibitin da ka zaɓa ƙofa ce, ba nan tafiya ta ƙare ba. Mataki uku ne. Na farko yana duba zazzaɓi da gudawa da awon ciki da haihuwar da ba ta zo da matsala ba. In ciwo ya fi ƙarfinsa, kamar tiyata, sai ya rubuta takardar turawa zuwa mataki na biyu, a nemi lambar izini daga mai riƙon kuɗi. In ya fi ƙarfin nan ma sai manyan asibitocin koyarwa, irin na Idi-Araba ko na Badun. Wanda ya tsallake matakin farko ya tafi babban asibiti kai tsaye ba takarda, shi zai biya da kansa, ko da katin yana aljihunsa.

INDA AKA CI AMANA

To, in haka tsarin yake, me ya sa mutane ba su yarda da shi ba? Domin an sha cin amanarsu, kuma ba zan ɓoye muku wannan ba. Koke-koken sanannu ne. A ce maka magani ya ƙare, ka je ka saya. A ba ka mai rahusa alhali likita ya rubuta wani. A bar mai kati zaune a benci, a shigar da mai kuɗi a hannu. A ajiye majiyyaci yini guda ana jiran lambar izini daga wani ofis da ba a ɗaukar waya.

Akwai dalilan da suka jawo haka. Kuɗin kan nan da na ambata ya yi shekara fiye da goma yana Naira 750, alhali farashin magani da man janareta ya yi ta hawa. Asibitin da ake biya kuɗi ƙayyadadde kuwa, duk abin da bai kashe a kanka ba ribarsa ce, saboda haka in mai shi ba mai tsoron Allah ba ne, sai ya riƙa tsuke hannu. Ga kuma bashi. Asibitoci sun daɗe suna kukan cewa wasu kamfanoni na karɓar kuɗi su riƙe watanni ba su biya ba, har a 2017 Majalisar Wakilai ta zauna jin bahasi a kan wannan magana. Mu kuwa da ke bakin taga sai mu huce a kan malamar asibiti, alhali mai laifin yana can cikin ofis mai sanyi. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin zubi bai biya asibiti ba, ya ci lada ya ƙi aski.

Gaskiya ne an ɗauki wasu matakai. Ban da ƙarin kuɗin kai, a 2025 Hukumar ta Ƙasa ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci a kan manyan ayyuka, ta kuma umarci kamfanoni su ba da lambar izini cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema. Umarni ne mai kyau. Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban, kuma ba za ta yi aiki ba sai in mai kati ya san da ita, ya kuma buɗe baki ya nemi haƙƙinsa.

Ba mu kaɗai muka taɓa wannan gardama ba. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun gan ta. Ƙasar Gana ta kafa inshorarta a 2003, sa'an nan a 2012 ta gwada tsarin ɗaure kowane mutum da asibiti ɗaya a yankin Ashanti. Jama'a da masu asibitoci suka yi ta kuka a kan ƙarancin kuɗin da ake biya da rashin bayani, har aka dakatar da gwajin a 2017. Darasin da ke ciki shi ne, mutane ba sa karɓar ƙaidi sai an fahimtar da su dalilinsa, an kuma cika musu alkawarin da ke tare da shi.

MATSALAR MAI GIDA BIYU

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu fiye da kowa. Wanda ya tsara jerin asibitoci ya ɗauka mutum gida ɗaya gare shi, iyalinsa na tare da shi, kuma a nan zai shekara. Mu kuwa yawancinmu masu gida biyu ne. Maigida yana Ikko, uwargida da yara suna Ɓatagarawa ko Gumel ko Illela. Damina ta faɗi a tafi noma wata huɗu. Sallah ta zo a tafi. Direban tirela da mai fataucin shanu ko albasa rabin rayuwarsu a kan hanya take. Kusan kowace jiha yanzu tana da tata hukumar, Kano da tata, Oyo da tata, Anambara da tata, kuma kowace da asibitocin cikin jiharta ta ƙulla yarjejeniya. Saboda haka kada wanda ya yanki katin jiha a nan ya ɗauka zai yi masa aiki in ciwo ya kama shi a gona a Jigawa. Wanda ya san shekararsa a rabe take, ya bincika shirin Tarayya da ake kira GIFSHIP, wanda aka buɗe a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, tun da Hukumar ta Ƙasa tana da ofis da asibitoci a kowace jiha. In kuwa iyali a gida suke zaune dindindin, sau da yawa abin da ya fi shi ne a yanka musu katin jiharsu, kai ka yanki na inda kake.

Sai maganar yawan iyali. Tsarin ma'aikatan Tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara ya sani sauran sai ya ƙara musu kuɗi an rubuta su daban. Gara ya san haka yau, da ya ji shi a bakin taga ranar da amarya ke naƙuda.

Na san kuma akwai masu ɗari-ɗari ta fuskar addini. Wannan fagen malamai ne, ga su nan zaune, ba zan shiga gabansu ba. Abin da zan iya faɗi shi ne, malamai da yawa sun bambanta tsakanin inshorar kasuwanci da ta taimakon juna, kuma shi ya sa Jihar Kano da wasu jihohin Arewa suka kira nasu shirin taimakekeniya. Tun 2013 kuma hukumar da ke kula da kamfanonin inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a ƙasar nan. Mai shakka ya kai takardar shirin gaban malaminsa a duba masa.

SHARUƊƊAN YARDA

Ga amsata ga tambayar da muka fara da ita. Shawarata ita ce mu shiga, mu kuma karɓi jerin asibitocin, domin ya fi shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci nesa ba kusa ba. Amma yardar da za mu ba su irin ta ɗan kasuwa ce, wanda ke ƙirga kaya kafin ya biya, ba irin ta makaho da ɗan jagora ba. Kafin ka miƙa ko kwabo, ka yi waɗannan tambayoyi.

Na farko, a nuna maka jerin a rubuce, ka zaɓi asibitin da ke kusa da inda iyalinka ke kwana, wanda za a iya kai wa cikin dare ko da babu mota. Kada ka yi irin kuskurena. Na biyu, ka taka da ƙafarka ka ga wurin. Ana aiki da dare? Akwai likita ko sai an kira shi? Akwai mace mai karɓar haihuwa? Ka tambayi masu kati da ke zaune a benci yadda ake yi da su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na uku, a faɗa maka abin da katin ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba. Babu katin da ke biyan kome da kome, kuma a tsarin ma'aikatan Tarayya mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Na huɗu, ka tambayi ranar da katin zai fara aiki, domin akan sa lokacin jira bayan an biya. Na biyar, ka tambayi abin da za ka yi in ciwo ya same ka a wani gari, da kuma ko za a rubuta wa iyalinka wani asibiti dabam a inda suke. Na shida, ka karɓi lambar wayar kai ƙara, ka gwada kiranta tun kana gabansu. Matambayi ba ya ɓata.

Ku sani kuma zaɓin asibiti ba auren dole ba ne. A tsarin Tarayya mai kati yana da ikon sauya asibiti bayan wata shida in bai gamsu ba. Wannan iko shi ne sandar da ke hannunmu, domin duk wanda ya fita, kuɗin kansa ya bi shi.

Akwai kuma inda jeri ba ya aiki sam, watau gaggawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa saboda kowane irin dalili, kuma ta yanka wa wanda ya saɓa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Haɗarin mota, zubar jini ga mai ciki, yaro mai jijjiga, a kai su wuri mafi kusa, a ceci rai tukuna, sa'an nan a sanar da mai riƙon kuɗi ba tare da ɓata lokaci ba.

Shugabannin kasuwa, a nan ne naku aikin yake. Mutum ɗaya in ya yi ƙara ana iya share shi. Amma in 'yan kasuwar gwari, ko mahauta, ko 'yan canji, suka shiga a ƙungiyance su ɗari biyar, suka zaɓi asibiti ɗaya ko biyu tare, to mai asibitin da kansa zai taso ya zo gaishe ku, don ya san abin da zai rasa in kuka juya masa baya. Ku naɗa mutum biyu masu karatu, namiji da mace, su riƙe littafi, duk wanda aka ce masa magani ya ƙare ko aka bar shi yini a benci a rubuta rana da abin da ya faru. Ƙarshen wata a kai wa asibitin, in bai gyara ba a kai wa kamfani, in shi ma ya yi shiru a kai ofishin hukuma. Ƙara mai rubutu da kwanan wata ta fi hayaniya a bakin taga tasiri.

Amana kuwa hanya biyu ce, mu ma akwai tamu. Kada ka ara wa ƙaninka katinka ya je da sunanka, domin ban da cewa ha'inci ne, za a rubuta ciwonsa a fayil ɗinka, wata rana a yi maka magani bisa kuskure. Kada ka jira sai ciwo ya kwantar da kai sa'an nan ka ruga yankan kati. In kowa ya yi haka tukunyar za ta ƙone, tun da marasa lafiya kaɗai ke zubi. Kuma in shekara ta zagayo ba ka je asibiti ko sau ɗaya ba, kada ka ce ka yi asara. Ka gode wa Allah da Ya ba ka lafiya, ka sabunta katinka, kuɗinka ya yi wa wani amfani.

KIRA GA HUKUMA DA WAKILANMU

A ƙarshe ina da kira ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi, da 'yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'unmu a waɗannan unguwanni. Tun da doka ta wajabta mana shiga, wajibi ne a kanku ku sa katin ya bi mutum duk inda ya sa ƙafa a ƙasar nan. Hukumomin jihohi su ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, yadda asibitin Kano zai duba mai katin Ikko, daga baya su yi lissafi tsakaninsu, kamar yadda katin banki ke fitar da kuɗi a kowane gari. A sa asibitocin da ke kusa da zango da sabo cikin jeri. A buga ƙa'idoji da Hausa, a kuma yi bayaninsu a rediyo domin waɗanda ba su yi karatun boko ba. Kamfanin da ya riƙe kuɗin asibiti a bayyana sunansa, a hukunta shi. Sa'an nan asusun nan da dokar 2014 ta tanada, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, a tabbatar matalautanmu da mata masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi da ke zaune a Kudu an rubuta su a cikinsa, kada a ce musu su koma jiharsu. A nan suke biyan haraji, a nan suke zufa.

Iyayena da 'yan'uwana, na tsawaita, ku gafarce ni. Abin da nake roƙo shi ne, kafin wata ya mutu kowane maigida a cikinmu ya je ofishin hukuma mafi kusa da shi ya karɓi jerin asibitocin unguwarsa, ya zauna da iyalinsa su duba. In da wurin da bai gane ba, ya kawo wa shugabannin nan, mu kuma a wannan shafi za mu ci gaba da amsa wasiƙunku gwargwadon iko.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti, Ya mai da kowa gidansa lafiya.